Ƙasar Bayan Kicin

Yaya Kuku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida matarka da yara can gida. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke min tsiya saboda taka keken ɗinki.

Na san za ka juya takardar nan kana tambayar wace ce. Ni ce tela, jikar ƙanwar kakanka, wadda ka karɓe wa tukwane ranar rasuwar maigidanta ka ce ta zauna ta yi kukanta. Tun ranar ban sake sa ka a ido ba, laifin kuwa namu ne mu biyu, kada ka ɗora min ni kaɗai. An ce min yanzu kana dafa wa masu neman ma'adinai abinci a can ƙuryar daji inda waya ba ta shiga. Direban da ke kwaso muku buhunan duwatsu zuwa gari yana ajiye mota kusa da shagona, shi zai riƙa kai mana takarda.

Ga abin da ya kawo ni. 'Yata Auta ta girma, ta gama karatun jinya, tana aiki a asibiti. Wani ya fito yana sonta, kuma a sansaninku yake. Dogo ne, mai ɗan sanƙo, an ce kullum da guduma a ƙugunsa yana fasa dutse yana leƙa shi da ƙaramin gilashi. Iyayensa suna so su zo bayan damina a tsayar da magana.

Ya zo ya gaishe ni, ya durƙusa, bai ɗaga ido ba. Ban ga aibunsa ba, kuma abin da ya dame ni ke nan. Na tambaye shi me suke nema, ya ce tagulla da zinariya da yuraniyom. Na ce me kuka samu? Ya ce, "Mama, ba mu samu komai ba tukuna, dubawa muke yi." Na ce to ko alama? Ya yi murmushi ya ce ba a ba shi izinin faɗa ba. Yaya, ni abin da na sani, in yadi ya shigo shago riga ce take fita. Wane irin aiki ne mutum zai shekara a kansa, ana biyansa, ya ce bai samu komai ba, kuma ko ramewa bai yi ba? Sannan wata mai kawo ɗinki ta ce min yuraniyom ɗin nan yana cin jinin mutum a hankali. Auta ta yi min dariya, amma dariya ba amsa ba ce.

Yarinyar nan ba ta da uban da zai yi mata bincike. 'Yan'uwan babanta kuwa, da ka ba su shayi mai kauri sun ce kai mutumin kirki ne. Ka sa min ido a kansa, don Allah. Kada ka nuna masa mun haɗa jini.

Ƙanwarka,
Tela

*

Ƙanwata Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso a cikin buhun albasa, saboda haka in kin ji an ce na yi hawaye da na karanta, kada ki ɗauka kewarki ce. Ashe dai kina tuna kina da yaya, in buƙata ta taso. Ina lafiya, baya ne kawai ke ƙara in na ɗaga tukunya. Na gida ma lafiya. Babban yarona ya gama koyon gyaran mota har ya buɗe garejinsa, uwarsa ta fara damunsa da maganar aure.

Bari in kwatanta miki wurin. Tantuna ne, da kwantena biyu, da janareta, da wata doguwar rumfa ta ajiye duwatsu. A kan tudu akwai injin tono da ke ruri tun safe. Yana huda ƙasa ya zaro dutse dogo-dogo kamar rake, a jera a akwati, a tsaga shi biyu da zarto. Rabi a ajiye, rabi a farfasa a zuba a leda, a rubuta lamba, a aika ɗakin gwaji can gari. Su ne za su ce akwai ko babu. Don haka da ya ce miki ba su samu komai ba, a nan bai yi ƙarya ba. Tun zuwana ban ga zinariya da idona ba. Sau ɗaya aka zaro wani dutse mai tsatsa kore, aka ce alamar tagulla ce, manaja ya yini yana washe baki.

Mutuminki Mai Guduma ake ce masa a nan. Maganar jini ki kwantar da hankali, kwano biyu yake ci. Yana da wata na'ura da yake karawa a jikin dutse tana ƙaras-ƙaras, in ƙarar ta yi yawa an san akwai yuraniyom kusa. Ya hana kowa ci ko sha a rumfar duwatsu, har ni ya sa na kwashe buhunan fulawata daga can, wai ƙura. Na ji haushi amma na kwashe. Ba ya zagin lebura, ba ya shan komai. Da kansa yake wanke kwanonsa alhali ana biyana in wanke, kuma ni mutumin da ya cika kirki haka ina ƙara buɗe masa ido.

Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Leburori ne ke zuba dutse a leda a fili kowa yana gani. Amma duk ranar da za a ɗaure buhuna, sai ya sallami kowa, ya shiga kwantena shi kaɗai ya ja ƙofa. Me ya rage da sai an rufe ƙofa? Na biyu, a kayan da mota ta kawo akwai buhun farin yashi wankakke da sunansa a jiki. Mutum yana zaune a tsakiyar yashi, an yi masa odar yashi daga gari. Ni dai ban ce komai ba tukuna.

Yayanki,
Kuku

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, Allah ya sawwaƙe bayan nan, ka riƙa sa wani ya kama maka tukunya.

Na karanta layin nan na ɗanka mai gareji har ya kusa gogewa. Allah ya ba shi mace tagari, a can inda yake. Na faɗa ne don kada a yi ta kewaye-kewaye. Na aike ka ka duba min mutum ɗaya, sai ga shi ka fara da tallan wani, sannan wanke kwano ma ya zama laifi. In akwai abin da kai da matarka kuka ƙulla game da Auta, ku fito fili, ni ba yarinya ba ce.

Duk da haka ƙofar nan da yashin nan sun hana ni sukuni. Na gwada bugun cikin Auta, na ce ashe masu neman dutse har kulle kansu suke yi a kwantena? Ta ajiye cokali ta ce, "Mama, wa ya gaya miki akwai kwantena?" Na ce direba ne. Ta daɗe tana kallona.

Zato ba zai ishe ni ba, Yaya. Ba zan tsaya gaban iyayen mutum in ce ku koma saboda ɗanku yana rufe ƙofa ba. Ka gani da idonka, in da hali ka aiko min da abin da ni ma zan gani da nawa.

Tela

*

Yaya,

Shiru. Direba ya ce rafi ya cika mota ba ta ƙetarewa, amma shi ma ɗan kamfaninku ne, me zai ce? Ko fushi ka yi, ko kuwa mai wanke kwanon ya wanke har da kai? Zan ba direba wannan ya riƙe, duk ranar da ya tashi ya kai. Damina tana ta tafiya, jiya ma uwar Mai Guduma ta aiko a gaishe ni.

Tela

*

Tela,

Lafiya lau, in kin damu da sani. Rafi ya cika da gaske, har gishiri sai da na riƙa auna wa mutane da ɗan yatsa. Maganar ɗana kuwa ta ƙona min rai. Labarin gida na ba ki kamar yadda ake ba ɗan'uwa. Amma tunda kin ce zato ba ya isarki, to ga gani da ido.

Ranar ɗaure buhuna rana ta yi zafi ƙwarai, mutuminki bai ja ƙofar ta rufu duka ba. Na zo da shayi na tsaya ta gefe. Na ga ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya zaro ƙaramin ƙunshi mai ƙyalli, ya yaga, ya juye wani gari mai laushi a cikin leda mai lamba, ya danne bakinta. Wata ledar kuma ya ɗiba mata farin yashin nan. Sannan ya cusa su a tsakanin na gaskiya, lamba na bin lamba, yadda ba wanda zai ce ba daga rami suka fito ba. Da na shiga ɗaukar kofi na saci kallon kwalin. Turancina ba yawa, amma kalmar zinariya na san ta, tana jikin gwangwanin madarar da nake buɗewa kullum. Tana jikin kwalin nan ɓaro-ɓaro.

Ban gaya wa kowa ba. Na dai tambayi tsohon da ke tuƙa injin tono, a cikin hira, ko ana iya cuta a wannan aiki. Ya ce sosai ma. Ya ce ya taɓa jin wani wuri da aka riƙa barbaɗa garin zinariya a leda, ɗakin gwaji ya ce an samu arziki, mutane suka zuba dukiyarsu, ƙarshe aka tarar rami ne kawai. Ya ce mai barbaɗawar ya ƙare a gidan yari, ma'aikata kuma kowa ya kama gabansa.

Yanzu ga abin da na yi. In Mai Guduma zai hau tudu, shi da kansa yake rataya makullin kwantena a ƙusar kicin ya ce, "Baba, ga amana." Da ya tafi na shiga na bi ledojin ina latsawa. Hannun da ya tsufa yana tankaɗe fulawa ba zai kasa bambance gari da fasasshen dutse ba. Duk mai garin da na samu na cire ta. Na ɗauko sababbin leda, na kwaikwayi lambobin, na cika su da ƙasar bayan kicin, na mayar inda suke. Masu yashi na bar su, don ban ga wanda yashi zai cuta ba. Ko ba komai na hana a cuci kamfani a wannan zuwan, na kuma kare abincin mutanen nan.

Sauran na juye su a ramin shara. Ɗaya na ajiye miki, tana cikin gwangwanin da direba zai ba ki. Lambar da ke jiki rubutun hannunsa ne. Sai ki duba ko ɗana mai gareji ne ya rubuta.

Kuku

*

Yaya,

Saƙo ya iso, na gode. Ka yi haƙuri da zafin bakina, ka san shi tun ina ƙarama.

Na kai garin wurin maƙerin zinariya a kasuwa. Ya murza, ya jiƙa, ya kara a haske, ya ce shi dai ƙura yake gani, in akwai zinariya a ciki to ta iya ɓuya. Ka ga yanzu ban san wanda zan zarga ba, kai ko shi ko maƙerin. Amma mutumin da ke zuba abu a ɓoye ba don Allah yake yi ba. Na aika wa uwarsa cewa a ɗan dakata, ina da uzuri.

Auta ta tsare ni a bakin ƙofa da kayan aikinta a jiki. Ta ce, "Mama, wane uzuri?" Na ce na manya. Ta ce, "In kin ji wani abu a kansa ki faɗa min, ni ma in tambaye shi." Na ce ai ba a tambayar mutum laifinsa ya ce e. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, abin yana ci min rai.

Ledar tana nan kan teburin yanka, na danne ta da almakashi.

Tela

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ki gode wa Allah, asirin mutuminki ya tonu ba tare da na buɗe baki ba.

Sakamako ya zo wa manaja ta wayarsa mai aiki da tauraron ɗan'adam. Da farko ɗakin gwaji ya riƙa yi wa ihu, muna jiyo shi daga kicin. Bayan 'yan kwanaki mota ta dawo da wani ƙaramin kwali daga can, ya kira Mai Guduma tanti suka rufe. Da suka fito aka ce an dakatar da shi, ledojinsa ba su da tabbas. Injin tono ma an kashe shi, wai sai an gane bakin zaren. Kin ga ashe akwai wata cutar da ko ni ban gano ba.

Amma zan gaya miki wani abu, don kin ce in riƙa faɗin abin da na gani. Kafin ya hau mota ya zo kicin da jakarsa. Ya zaga baya, ya tsaya inda nake zubar da toka, ya tona ƙasar da bakin takalmi. Sannan ya dawo ya ce, "Baba, ko na taɓa yi maka wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "To, madalla." Ya ba ni hannu, ya wanke kofinsa ya kife, ya tafi.

Na san irin wannan salo ne na masu wayo, su bar ka da tausayinsu. Duk da haka da rana na ƙona shinkafa, abin da rabona da yi tun ina koyo.

Yayanki

*

Yaya Kuku,

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta. Lafiyarmu ƙalau, amma ba ita ce maganar ba.

Mai Guduma ya zo shago da la'asar, Auta ta taso daga aiki tana nan. Ya durƙusa ya ce ya zo ya faɗa da bakinsa cewa an dakatar da shi, kada mu ji a waje. Yana cikin magana idonsa ya sauka kan teburin yanka. Ya miƙe, ya ɗaga almakashin, ya ɗauki ledar ya juya ta.

Na ce tunda ka gani, faɗa min abin da kake zubawa a ɓoye.

Ya ce, "Mama, wannan garin kamfani ne ke sayo shi. An riga an san daidai zinariyar da ke cikinsa, 'yar kaɗan ce, ido ba ya gani. Muna cusa shi cikin sauran ba tare da ɗakin gwaji sun sani ba. In suka faɗi daidai, mun san awonsu gaskiya ne. Farin yashin kuwa babu komai a cikinsa. In suka ce sun ga wani abu a ciki, mun san injinsu bai wanku ba. Shi ya sa nake rufe ƙofa, don ko direba kada ya san wace leda ce."

Yaya, ashe na san irin wannan. Abin da nake yi ne in an kawo min sabuwar mai koyo: in ba ta yadin da na riga na auna in ce ta auna min.

Ya ce duk ledojin gwajin sun dawo babu komai. Manaja ya zargi ɗakin gwaji, su kuma suka maido ragowar, sai ga jar ƙasa. Shi kaɗai ke zuba garin, shi ke da makulli. Manaja ya ce in ya taɓa waɗannan, wa ya san me ya yi wa sauran? Aikin damina gaba ɗaya ya zama abin shakka. Ya ce a sana'arsu, wanda aka daina yarda da ledarsa ya gama, don labari yana riga shi isa kowane kamfani.

Ya ce da ya murza ragowar ya ga burbushin gawayi, zuciyarsa ta ba shi kai ne. Amma bai ga dalilin da zai sa ka yi ba, kuma ba zai raba dattijo da abincinsa a kan zato ba. Ka ji, Yaya? A kan zato.

Sai ya tambaye ni, "Mama, me kuku yake a wurinki?" Na ce yayana ne. Ya juya ya kalli Auta. Ta ce, "Wallahi ban sani ba." Ya ce, "Na yarda." Amma na ga fuskarsa, ba fuskar da ya shigo da ita ba ce.

Na miƙa masa ledar na ce ya kai wa manaja. Ya ce in ya kai da hannunsa za a ce shi ya ɓoye ta tun farko. Ya ajiye ta, ya mayar da almakashin a kai, ya yi sallama.

Ka san halina, ban tsaya nan ba. Na ce ko labari ya shirya. Washegari na sa direba ya kai ni ƙofar ɗakin gwajin, na tare wata ma'aikaciya na tambaye ta ko ana aiko musu da leda ta jarrabawa. Ta ce kowane kamfanin kirki yana yi, wanda ba ya yi shi ne abin tsoro.

Ga ledar na maido maka a gwangwaninka. Bakinka kaɗai zai wanke shi. Na san me nake roƙonka, na san kana da iyali, kuma ni na tura ka. In ka je, ka faɗa wa manaja haka, ka ce wata tela ce a gari ta aike ka. Auta ta daina kuka, shirun da take yi yanzu ya fi kukan ciwo.

Ƙanwarka

*

Tela,

Na zauna na karanta, na kuma daɗe a zaune. Sai da na gwada gaya wa kaina cewa kun haɗa baki da shi, abin ya ƙi zama.

Na sauke abincin rana, na raba wa kowa, sannan na ɗauki gwangwanin na shiga tantin manaja. Na faɗa masa komai, na kai shi ramin shara ya ga ƙurar sauran. Sunanki ban kawo ba, hannuna ne ya cika ledojin ba naki ba. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Me ya hana ka tambaye shi?" Kullum mutumin nan yana zaune a kan benci a gabana yana shan shayi.

A gabana ya kira shi ta waya ya ba shi haƙuri. Za a sake aika rabin duwatsun da aka ajiye, injin zai tashi. Ni kuma motar da za ta kawo shi ita za ta fitar da ni, an riga an aika neman wani kuku. Zan nemi in ba shi hannu kafin in hau, in ya karɓa.

Ɗana kuwa, tunda kin damu da shi, 'yar mai shagon da ke jikin garejinsa yake so, tun bara. Ko sunan Auta bai sani ba.

Kuku

*

Yaya,

Ina fata ka isa gida lafiya, ka gaida min matarka, in za ta amsa. Direba ya ce Mai Guduma ya karɓi hannunka har ya ɗora maka jaka a mota. Na yi magana da mai gidan abincin da ke layinmu, yana neman mai dafuwa, in ba ka ƙi zama kusa da ni ba.

Shi Mai Guduma ya koma bakin aikinsa. Kafin ya tafi, asibiti ya je ya yi wa Auta sallama, bai biyo ta shago ba. Na aika wa uwarsa cewa uzurina ya wuce, ƙofa a buɗe take. Ta aiko da godiya, ta ce su ma yanzu suna da ɗan uzuri.

Shekaranjiya wata mata da ban taɓa gani ba ta shigo da yadi. Dattijuwa ce mai fara'a. Na tambaye ta wane ɗinki, ta ce duk wanda na ga ya dace. Na auna ta, ko kallon tef ɗin ba ta yi ba. Ta tambayi shekarata nawa a unguwar, da yadda muke da maƙwabta, da ko 'yata tana jin maganata ko ni ke jin tata. Ta ce ta ji ina da ɗan'uwa a daji, wane irin mutum ne? Tana tambaya tana kallon teburin yanka, da kwandon zare, da ƙarƙashin keke. Da ta fita na leƙa, na ga ta tsaya wurin mai kanti, daga nan ta tsallaka wurin mai wanki da guga. Goshinta irin na Mai Guduma ne sak.

Na gaya wa Auta. Tana ninke kayan aikinta, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ai sai ki bari su duba, Mama. In ba mu da abin ɓoyewa."

Yadin yana gabana tun jiya. Na auna na sake aunawa, na kasa sa masa almakashi. Na tambayi matar yaushe za ta dawo ta karɓa. Ta yi murmushi ta ce in yi a hankali, su ba sauri suke yi ba.

Ƙanwarka,
Tela